Wanda Aka Ci Shi Ke Zuwa Aike

Litinin, 7 ga Yuli, da yamma

Yau ma bai fito ba.

Na dawo daga shagon ɗinki na tarar da kwanon da Mama ta ajiye masa tun safe a bakin ƙofa, ƙudaje sun gama cin rabonsu. Daga cikin ɗakin ba abin da ake ji sai ihun 'yan kallon ƙarya na cikin gem ɗin ƙwallo. Na leƙa na ce, "Joshua, ka ci abinci mana." Ko ƙeyarsa ba ta motsa ba. Ƙato mai gemu, ya tanƙware a gaban talabijin, fad ɗin da ake danna wasan da shi a hannu, yatsu na ta aiki. Ɗayan fad ɗin yana kan matashin da ke gefensa, inda Nathan yake zama.

Ni ce babba, Nathan ke bi na, Joshua ke bin Nathan. Tun da muka binne Nathan, Joshua bai ce wa kowa uffan ba, kuma bai taka tsakar gida da rana ba. Mai shagon gyaran waya da yake wa aiki ya gaji da aiko saƙo, ya ɗauki wani.

Na sayi wannan littafin ne don rubuta awon kwastomomi. Ga abin da na ƙare da rubutawa a ciki.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Bai fito ba. Buhun accan nan har yanzu yana bayan ƙofar kicin, ɗaure yadda direba ya kawo shi daga tasha bayan rasuwar Nathan. Kowa kewaye shi yake yi.

Alhamis, 10 ga Yuli, da rana

Mama ta sake tafiya kasuwar Kakuri da kanta saboda albasa kawai, da wannan gwiwar tata da ta kumbura. Na ce, "Mama, ga ni a gida, me ya hana ki aike ni?" Ta ce tana son miƙe ƙafa. Matar da a da ko gishiri ne ya ƙare sai ta ƙwala wa mutum kira daga kan gado. Yanzu ba ta aiken kowa, ko ruwa ba ta cewa a miƙo mata.

Wani lokaci ji nake kamar in ɗauki injin gem ɗin nan in maka shi da ƙasa. Na tsane shi. Na tsani ihunsa, na tsani mutumin da ke surutu a cikinsa da Turanci kamar gidan ubansa ne.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan an tashi sujada

Baba Istifanus ya zo daga Unguwar Boro. Shi ne wan mahaifinmu, kuma tun da babanmu ya rasu maganarsa ce ƙarshe a gidan nan. Ya zo da Mama Grace, shugabar Zumuntar Mata, da mata huɗu da gangarsu. Sun tsaya a ƙofar ɗakin sun yi waƙa, sun yi addu'a har gumi ya jiƙa ankonsu. Joshua bai waiwayo ba.

Mama Grace ta ce, "Wannan ba ciwo ba ne, ruhu ne. Ta cikin akwatin nan yake shiga." Ta shiga ɗakin ta zare wayar wutar injin daga bango, ta naɗe ta jefa a jakarta, tana murmushi kamar ta kamo maciji da hannu.

Na ce, "Baba, a kai shi asibiti mana, akwai likitocin irin wannan."

Ya ce, "Gloria, yaron da ya ƙi fitowa tsakar gida ne zai bi ki asibiti? Ba da ke nake magana ba, da uwarki nake."

Ya ce akwai gidan addu'a a bayan gari, can suka kai ɗan wani abokinsa. Ya ba mu zuwa Lahadin sama ta sama. In Joshua bai fito da ƙafarsa ya shiga mutane ba, zai zo da mota da samari biyu su ɗauke shi. Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba."

Na san irin wannan gidan. Ɗan wata kwastomata ya yi zama a can. Da ya dawo ta kawo shi in auna masa wando, na durƙusa da tef a hannu na ga sawun mari a idon ƙafarsa, fatar ta yi fari ta zagaye. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon bango har na gama.

Na rasa ɗaya. Ba zan iya tsayawa ina kallo a saka ɗayan a mota ba.

Litinin, 14 ga Yuli, da safe

Gidan ya yi tsit. Na ɗauka zan ji daɗi.

Talata, 15 ga Yuli, da la'asar

Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. A da in yana buga gem ɗin yakan kai hannu ya ɗan ɗebi shinkafa ba tare da ya kalli kwanon ba, yakan kurɓi ruwa. Tun Lahadi ko ruwan bai taɓa ba. Leɓensa ya tsage.

Mama Grace ta bugo wa Mama waya ta ce alama ce mai kyau, ruhun ne yake jin yunwa. Sai da na fita bayan gida don kada in ƙwace wayar in faɗi abin da zai sa a daina gaishe mu a coci.

Ya Ubangiji, ni ban san me ake yi ba. Ban sani ba.

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Na rufe shago na je wurin Kenneth. Shi ke da gidan gem a layinmu na Kakuri, cikin tsohon shagon da ke kallon katangar masaƙa. Ibo ne amma haifaffen nan, ya fi ni iya zagi da Hausa. Shekaru ina wucewa ina tsaki, ina cewa shi ke lalata yaran unguwa. Yau ni ce a ƙofarsa ina roƙon wayar wutar injin gem.

Bai tambaye ni komai ba, ya jawo wata daga cikin kwali ya miƙo min. Na kasa riƙe bakina, na ce, "Kenneth, tsakaninka da Allah, abin nan naku me yake ƙara wa mutum?"

Ya nuna min samarin da ke jere a benci. Ya ce, "Anti Gloria, kin ga mai jar hular can? In ba ya nan, yana bayan masaƙa yana shan abin da ba zan faɗa miki ba. Nan aƙalla na san inda yake. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, akwai waɗanda ni da kaina nake kora, in ce oya, je ka yi wanka, uwarka na nemanka. Abin yana riƙe mutum, kuma bai san lokacin saki ba."

Har na juya sai ya ce, "Joshua fa, nawa yake ci?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "In kin shiga, dubi saman talabijin, wajen lambobin. Duk layin nan in aka cire Nathan ba mai taɓa Joshua. Inji ba ya iya cin sa ko da ido ɗaya yake bugawa."

Na maƙala wayar da na dawo. Talabijin na kamawa ya tashi zaune. Ya sha ruwa kofi biyu. Na koma ɗakinmu na yi kuka, kuma har yanzu ban san na murna ba ne ko na takaici.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Na zauna a bakin ƙofarsa da ɗinkin hannu, na kalli lambobin kamar yadda Kenneth ya ce.

Joshua ne masu jar riga. Masu shuɗiyar riga su ne ƙungiyar Nathan, wannan ko ni na sani, don har rigar ya sa na rage masa hannu. Yanzu inji ke buga masa su. Joshua zai karɓi ƙwallo, ya yanke wannan ya yanke wancan, ya iso har gaban raga, sai ya ɗauke yatsunsa. Ya zuba ido shuɗaye su ƙwace su je su ci. Wasa ya ƙare an ci shi. Sai ya juya ya kalli matashin da ke gefensa, ya ɗan jira kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya sake farawa.

Na kalli wasa bayan wasa har cinyata ta yi sanyi. Ko sau ɗaya bai yarda ya ci ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Muna wanki da Mama na faɗa mata abin da na gani. Ta daina cuɗa zanin.

Akwai wata doka a gidanmu da su biyun suka kafa tun suna sakandare. In Mama ta ƙwala kiran aike, ba sa gardama. Su buga wasa ɗaya, wanda aka ci shi ke tashi ya je. Kullum Joshua ake ci. Shi ne gas, shi ne niƙa, shi ne katin waya, yana tafe yana ƙunƙuni, Nathan na bin sa da dariya yana cewa ya gaida masu kasuwa. Har tsokanarsa nake yi ina ce masa ɗan aiken gwamnati.

Ranar da Nathan ya rasu ina shago, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba. Yau Mama ta faɗa, idonta a kan kumfa. Ta ce an bugo daga tasha cewa accan da aka aiko mana daga gida Filato ya iso. Ta yi kira. Ta ji sun kunna. Can sai ta ji Joshua ya daka tsalle yana ihu, "Yau kai za ka! Yau kai za ka!" Ta ce har ita sai da ta yi dariya daga kicin. Nathan ya zura silifas ya ce, "Ka more, ba za a sake ba."

A hanyar tashar ne babbar mota ta kaɗe shi. Mun shanya kayan, ruwa ya sauko ya sake jiƙa su, ba wanda ya tashi ya kwashe.

Lahadi, 20 ga Yuli, da rana

Baba Istifanus ya tare ni a bakin coci ya ce, "Saura mako." Kamar na manta.

Litinin, 21 ga Yuli, da yamma

Na gane abin da yake jira in ya kalli matashin. An ci shi, saura a ce masa tashi ka je. Inji kuma ba ya aiken mutum.

Na koma wurin Kenneth na ce ya koya min. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Anti, abeg, ke da ko waya da yatsa ɗaya kike dannawa?" Na ce ko ya koya min ko in zauna masa a ƙofa in kori kwastomomi. Ya ba ni fad.

Ƙafata ta san keken ɗinki tun ina yarinya, amma babban yatsana jaki ne. In na ce dama, ɗan wasan ya yi hagu. Na buga ƙwallo waje, na buga wa alƙalin wasa, sau biyu na ci kaina. Samarin benci suka kewaye ni suna ba ni shawara baki ɗaya, har mai jar hular ya riƙe ciki don dariya.

Ga abin da ban so in rubuta ba. Akwai wani ɗan lokaci da na bi ƙwallon da dukan zuciyata, na ma yi ihu. A wannan lokacin ban tuna da komai ba. Tun ranar nan ban sami hutu irin wannan ba, ko a barci. Da na ajiye fad ɗin komai ya dawo ya zauna min a ƙirji. Yanzu na san abin da ya sa ba ya ajiyewa.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Ɗinkin mutane ya taru. Wata ta zo ta zazzage min tas a kan rigar biki, na ba ta haƙuri, tana fita na koma gidan gem. Kenneth ya ce in na ci gaba a haka ni ma zai fara kora ta.

Bai fito ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da la'asar

Na gwada. Na shiga na kai hannu kan fad ɗin Nathan. Joshua ya cafke wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba. Ya kalle ni. Idanunsa jajur, fuskar ta zurma, ƙasusuwan wuya duk a waje. Na ce, "Ni ce, Yaya Gloria. Aro kawai nake so." Bai sake ni ba sai da na janye.

Hannun ya yi shati. Na sa riga mai dogon hannu don kada Mama ta gani.

Juma'a, 25 ga Yuli, da rana

Na tarar da Mama tana ninke masa kaya a leda. Wanduna biyu, bargo, da Littafi Mai Tsarki. Na ce, "Mama, da hannunki?" Ta ce, "To me zan ce wa Babanku?" Na ce ta ce a'a. Ta ce, "Gloria, ni yanzu tsoron bakina nake ji."

Na faɗa mata abin da nake shirin yi, na ce in na ci shi, ita za ta yi aiken, don dokar ta aikenta ce, ba ta nawa ba. Ta girgiza kai. Ta ce ko da wuƙa a wuya ba za ta sake cewa ɗanta ya fita ƙofar nan ba. Na ce, "Ai jibi fita zai yi, Mama. Ko da ƙafarsa, ko a hannun samarin Baba." Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta zauna a bakin gado da ledar a cinya.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

An ɗauke wuta tun safe. Duk yinin yana kwance, ni kuma ina zaune ina kallon ƙwan fitila kamar mahaukaciya. Ko gwadawa ban samu na yi ba.

Gobe ne.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Ina rubuta wannan a kan dakalin ƙofar gida, in ban rubuta ba ihu zan yi.

An kawo wuta da sassafe. Ban je sujada ba, Mama ma ba ta je ba. Na shiga ɗakinsa, ban taɓa fad ɗin ba. Na zauna a ƙasa kusa da matashin na jira wasansa ya ƙare. An ci shi. Ya juya ya kalli matashin, sai ya gan ni. Na ce, "Akwai aike. Mu buga."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki fad ɗin Nathan, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ajiye a gabana.

Duk abin da Kenneth ya koya min ya gudu. Joshua ya ɗauke yatsunsa kamar kullum, jajaye suka tsaya cak, fili ya zama nawa ni kaɗai, amma na kasa. Na kai ƙwallo gaban raga na buga ta sama. Na sake kawowa na fita da ita waje. Lokaci na tafiya, hawaye sun rufe min ido, ina danna duk abin da yatsana ya samu. In aka tashi ba ci, ba wanda aka ci ke nan.

Sai na ji murya a gefena, a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ba wannan ba, Yaya. Na hagun. A hankali."

Na danna na hagun a hankali. Ta shiga.

Da wasan ya ƙare mutumin cikin talabijin ya ci gaba da surutunsa. Joshua ya ajiye fad ya zauna yana jira. Na waiwaya, Mama na tsaye a bakin ƙofa ta dafa bango, ban san tun yaushe ba. Bakinta na motsi, ba abin da ke fita. Na ce a raina, Yesu, ka buɗe mata baki, wannan kaɗai na roƙe ka.

Ta juya ta shiga kicin. Na ɗauka shi ke nan. Sai muka ji ƙarar wuƙa a kan igiya, da jan buhu a siminti. Ta dawo da garin acca a hannunta har gwiwar hannu.

Ta ce, "Joshua. Gwate zan yi. Je wurin Hajara mai kayan miya a bakin titi ka sayo min yakuwa da gauta."

Ya tashi. Sai da ya dafa bango don ƙafafun sun manta aikinsu. Ya nemi silifas ɗinsa a ƙarƙashin gado. A tsakar gida rana ta doke shi, ya kare ido da hannu, ya tsaya. Sannan ya buɗe ƙofa ya fita. Mama ta riƙe damtsena har farcenta ya shiga.

Bai daɗe da shan kwana ba motar Baba Istifanus ta tsaya. Ya fito da samari biyu, ɗaya da igiya a aljihun baya, ina ganin bakinta. Baba ya wuce mu ya leƙa ɗakin, ya ga talabijin na ta ihu ba kowa. Ya fito ya ce, "Ina yaron?"

Mama ba ta ɗauke ido daga kan hanya ba. Ta ce, "Na aike shi."

Ya ce, "Kin me?"

Ta ce, "Na aike shi, Baba. Ku zauna. Yanzu zai dawo."

Suna zaune a benci. Wurin Hajara ba nisa, amma sai an tsallaka titi, kuma manyan motoci ba su san Lahadi ba. Duk ƙarar birki sai Mama ta runtse ido. Na ce bari in bi shi, ta ce in zauna.

Lahadi, da rana tsaka

Ya dawo. Ya gaida Baba, Baba ya amsa yana kallon ƙasa, ya ce wa samarinsa su je su jira a mota.

Yakuwa kaɗai ya kawo, ya manta gauta. Mama ta ce kada wanda ya faɗa masa, gobe za ta sake aikensa.